Krak, torent da tura fim a waya: ga amsoshin, don Allah a daina maimaita mini

Gyaran kwamfuta da saka manhaja shi ne aikina, kuma tambayoyin nan kullum su ne, a shago, a waya, har a wajen ɗaurin aure. Na haɗa su waje ɗaya. Wanda ya sake tambaya nan zan turo shi.

Wai mene ne krak ɗin nan?

Manhajar kuɗi ce da wani ya fasa mata makulli don ta yi aiki ba a biya ba. Shi ke nan.

An ce sai na kashe antibairos kafin in saka, in kashe?

A'a. Haba jama'a. Baƙon da ba ka sani ba ya ce ka sallami maigadinka kafin ya shigo gida, kai kuma ka sallame shi? Na san za a ce ai antibairos ɗin yana kama krak ko da babu cuta a ciki, gaskiya ne yakan faru, amma kai ba ka da hanyar bambance wanne ne wanne, kuma masu cusa cutar sun san ka saba kashewa, da wannan sabon naka suke cin kasuwa.

Duk fayil ɗina sun ƙi buɗewa, sunayensu sun ƙara wasu haruffa a ƙarshe, ga wata takarda _readme da turanci. Me ya faru?

Innalillahi. Wannan ita ce cutar garkuwa da fayil, irin wadda ake kira STOP ko Djvu, kuma babbar hanyar da take bi ita ce krak da irin 'yan manhajojin nan na kunna Windows da Office a ɓagas. Ta kulle hotunanka da takardunka, ta bar maka wasiƙa cewa ka biya dala 980, in ka yi magana cikin awa 72 a rage maka zuwa 490. Kar ka biya, ba tabbas za su ba ka makullin. Cire kwamfutar daga intanet yanzu, kar ka soka mata wani filas, kwashe fayilolin da aka kulle ka ajiye su gefe kar ka goge, don kamfanin Emsisoft yana da manhajar kyauta da take buɗe wasu daga ciki, ba duka ba. Sannan a yi fomatin. Kuma ka canza kalmar sirrin imel ɗinka da Facebook da ta banki daga wata na'urar daban, saboda sau da yawa cutar nan da ɓarawon kalmar sirri take tafe.

Abin da ya fi ci mini rai a nan ɗalibai ne 'yan ajin ƙarshe, firojet babi huɗu an gama, babu kwafi ko'ina. Google Drive yana ba ka giga 15 kyauta. Me ya hana?

GB WhatsApp fa?

Goge shi. WhatsApp ne na jabu da wasu suka yi wa kwaskwarima, ba kamfanin WhatsApp ne suka yi shi ba, sun faɗa ƙarara suna iya rufe lambar duk mai amfani da shi, kuma ba ka san wa yake ganin saƙonninka ba. Duk don ka karanta saƙon da aka goge.

Torent laifi ne?

Shi kansa a'a. BitTorrent hanya ce ta raba babban fayil, wani Bram Cohen ya ƙirƙiro ta a 2001, maimakon kowa ya ja daga wuri ɗaya sai kowa ya ja gutsure-gutsure daga sauran masu saukewa. Masu manhajojin kyauta na halak irin Ubuntu da LibreOffice da kansu suna raba kayansu ta torent. Abin da ka sauke shi ne maganar. Kuma ka sani, a torent kana saukewa kana turawa wasu ne a lokaci guda, wato ba mai karɓa kaɗai ba ne kai, kana cikin masu rabawa, datarka ma tana tafiya ta fuska biyu.

Masu cewa ai ba a taɓa kama kowa ba, su je su bincika. Napster, manhajar raba waƙoƙi a ɓagas, ya fito a 1999, kotu ta durƙusar da shi a 2001. Mutum huɗu na The Pirate Bay, shahararren shafin torent, a 2009 kotun Suwidin ta yanke wa kowannensu shekara ɗaya a gidan yari da diyyar kurona miliyan 30 a kansu gaba ɗaya. Megaupload, shafin ajiye fayil da raba shi, an rufe shi a Janairun 2012, mutanen da suka ajiye kayansu na halak a ciki su ma suka tafka asara.

To ai ba sata ba ce, kwafa na yi, nasu yana nan a hannunsu.

Wannan musun an fi shekara ashirin ana yinsa a intanet kuma na gaji da shi. Eh, kwafa ba ɗauke abu ba ne, na yarda. Na kuma yarda farashin da ake sakawa da dala ba da mu aka yi lissafinsa ba, musamman tun da Adobe suka koma biyan wata-wata a 2013, wanda ke karɓar naira ya san abin da nake nufi. Amma ku bar Microsoft da Adobe tukuna, ku dubi gida. Wa ya karya kasuwar faifan fim ɗin Hausa ta Ƙofar Wambai a Kano? Fim ya fito da safe, kafin la'asar yana kwamfutar masu tura fim a bakin titi, a zuba maka goma a memori da kuɗin da bai kai na faifai ɗaya ba, daga nan Xender ya ƙarasa sauran aikin a unguwa, wanda ya ci bashi ya yi fim ɗin bai ga ko sisi ba. Ba shi kaɗai ne dalili ba amma yana cikin manyan abin da ya kora furodusoshi zuwa YouTube da fim mai dogon zango. Haka marubuta littattafan Hausa, yawancinsu mata, baiwar Allah ta kwana tana taifin a waya, ta buɗe guruf na kuɗi, wata ta biya sau ɗaya ta fitar da littafin ta watsa a guruf ashirin. Je ka gaya mata ai nata yana nan a hannunta.

Ina da shagon buga takardu da zanen katin biki, kwamfuta uku. Windows, Office, CorelDRAW duk krak ne, da su nake ci da iyali. Ya zan yi?

To wannan ita ce tambayar da ba na iya amsawa a tsaye, kuma ba zan yi maka faɗa ba Alhaji, don na san yawanci ba kai ka zaɓa ba, haka aka haɗa maka kwamfutar tun daga kasuwa. Kar ka tashi gobe ka goge komai, za ka tsayar da shago ne kawai. A bi su ɗaya bayan ɗaya.

Windows ya fi sauƙi fiye da yadda kake zato. In kwamfutocin tokumbo ne irin HP ko Dell ko Lenovo da suka zo daga zamanin Windows 8 zuwa sama, da yawansu lasisinsu na asali yana dashe a cikin allon injin tun daga kamfani. Sau da yawa mai saka manhaja ne ya yi gaggawa ya ɗora wani nau'in daban ya bi shi da krak, alhali da ya saka nau'in da ya dace, Home ko Pro, da kansa zai kunnu da zarar an hau intanet. Ba kowace ba ce, wadda aka harhaɗa a nan ko aka canza mata allo ba lallai ta samu ba, amma a duba kafin a kashe kuɗi. Windows ɗin kuma a sauko da shi daga shafin Microsoft kai tsaye, saukewar kyauta ce. Makullan nan masu arha da ake tallarsu a intanet kuwa ni ba na ba da shawararsu, wasu na kamfanoni ne aka karkatar, su yi aiki wata biyu su mutu.

Office, ya danganta da irin aikinka. In wasiƙu ne da takardar neman aiki da jarrabawar makarantu, LibreOffice zai ɗauke maka, kyauta ne halak malak, yana buɗe fayil ɗin Word yana kuma ajiyewa a sigar Word. Matsalar tana zuwa ne in kwastoma ya kawo firojet mai tebura da lambobin shafi iri biyu, wani lokacin layi ya goce, shafi 60 ya koma 63, ga shi yana tsaye a kanka yana sauri. Shi ya sa nake cewa in da hali a sayi Office na gaske a kwamfuta ɗaya tak, ita ce ta karɓar aikin waje, sauran biyun su zauna a LibreOffice. Akwai kuma Word na cikin burauza da Google Docs, kyauta, sai dai suna son intanet mai ƙarfi, ka san halin da ake ciki.

CorelDRAW shi ne ƙashin bayan. Nan kam ba zan ce maka akwai madadin da zai zauna daram ba. Inkscape kyauta ne kuma yana zane mai kyau, yana ma buɗe wasu fayilolin Corel, amma sau da yawa rubutu ya tarwatse ko kala ta canza, kuma ba shi da ƙarfi a harkar kalar bugu ta CMYK, wanda duk mai kai aiki gidan buga bana ko kalanda ya san muhimmancinta. Affinity ma, wata manhajar zane ce, kamfanin Canva sun mayar da shi kyauta a ƙarshen 2025, yana da kyau sosai, amma ba ya buɗe tsofaffin fayilolinka na Corel. Ga yaranka na shago da hannunsu ya faɗa a Corel, ga masu injin bugu da za su ce maka kawo a Corel. Abin da na ga yana aiki, kuma ba ga kowa ba, shi ne a fara sabbin ƙananan ayyuka kamar katin gayyata da takardar shaida a sabuwar manhajar, a riƙa kai wa masu bugu PDF bayan an mayar da rubutu zane, yawancinsu suna karɓa in ka nace. Babban aiki kuma a tara kuɗi a sayi Corel na gaske ko guda ɗaya, har yanzu suna sayar da na biya sau ɗaya ban da na shekara-shekara. Ka lissafa abin da Corel yake kawo maka a wata kafin ka ce ya yi tsada, wataƙila ya yi ɗin, wataƙila kuma lokacin zaɓe ɗaya ya biya shi.

Kafin ka kai can, ga abin da ba na sassautawa a kai. Kwamfutar da ke da krak kar a shiga banki da ita, kar a buɗe imel ɗin shago, kar a yi wa kwastoma rajistar da za a saka NIN ko BVN ɗinsa. Wannan amanar mutane ce ba taka ba. Ware guda ɗaya mai tsabta don wannan. Kuma duk ƙarshen mako a kwashe ayyuka a wani ma'ajin fayil na waje (external hard disk), a cire shi a sa a durowa, kar a bar shi a soke.

Hukuma za ta iya kama ni?

Doka tana nan. Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya, wadda Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, ta shafi manhajar kwamfuta da abin da ake rabawa a intanet, har da fasa makullin kariya, kuma akwai hukumar NCC ta haƙƙin mallaka da ke kai samame. An fi bin masu kwafa su sayar. In kana cikinsu, ka ji.

A addini fa?

Majalisar fiƙihu ta ƙasa da ƙasa da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta OIC, a zamanta na Kuwait a Disambar 1988, ta ce haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta shi ba. Akwai malaman da suka sassauta ga wanda ya kwafa don amfanin kansa ba don sayarwa ba. Ka kai wa malaminka bayanin halin da kake ciki yadda yake, ba yadda kake so ya amsa ba.

In na kunna VPN na tsira?

Daga bairos? Ko kaɗan. VPN adireshinka na intanet yake ɓoyewa, ba ya wanke fayil.

Da gaske ne Windows 10 ya mutu?

Bai mutu ba, kwantar da hankalinka, zai ci gaba da kunnuwa. Abin da ya faru shi ne Microsoft sun daina ba shi sabuntawar tsaro ta yau da kullum daga 14 ga Oktoba 2025. Haɗarin a hankali yake taruwa. Ku tuna cutar garkuwa da fayil ta WannaCry a Mayun 2017, wadda ta tsayar da asibitoci a Ingila, Microsoft sun fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris, waɗanda ba su sabunta ba su ta kwashe. Kuma masu krak su ne kan gaba wajen kashe sabuntawa don kar a gano su. In na'urarka tana ɗaukar Windows 11, hau. In ta tsufa ba ta da TPM 2.0, wato ɓangaren tsaron da Windows 11 ke nema a jikin inji, kar ka jefar, a saka mata Linux Mint, madadin Windows na kyauta, burauza da kallo da taifin duk za ta yi.

Ni ɗalibi ne, malami ya ce dole SPSS na lissafin alƙaluman bincike da AutoCAD na zanen gini da inji.

AutoCAD, kamfanin Autodesk suna ba ɗalibai lasisin shekara kyauta in ka tura shaidar makaranta, je ka cika. SPSS kuma gwada jamovi ko JASP ko PSPP, kyauta ne, lissafin da ake nema a yawancin firojet ɗin digiri na farko duk suna yi. Ka nuna wa malamin sakamakon tun a babi na uku ka ji ko ya amince, kar ka bari sai ana saura kwana biyu difens ka zo mini a guje.