Zama ɗan ƙasa ta hanyar nema: me kalmar take nufi ga dattijon da ya tsufa a Najeriya?

A Tudun Wada, Sabon Gari da Samaru akwai dattawan da suka zo Zariya tun suna samari, wasu daga Maraɗi ko Damagaram, wasu daga Cadi, Gana ko Sudan. Sun yi aure, sun aurar, wasunsu har limanci suke yi a masallatan unguwa. Idan ka ce wa irin wannan dattijo shi ba ɗan Najeriya ba ne, sai ya ga raini ne. A idon maƙwabta ɗan gari ne, amma doka ba ta auna mutum da furfurarsa ko yawan jikokinsa. A nan ne maganar zama ɗan ƙasa ta hanyar nema take shigowa, wato baƙo ya rubuta wa gwamnatin tarayya yana roƙon a ba shi takardar shaidar zama ɗan Najeriya, shugaban ƙasa kuma ya amince.

Mutane kan haɗa wannan takarda da wasu guda uku da suka sha bamban da ita. Takardar izinin zama, wadda hukumar shige da fice ke bayarwa, izini ce kawai na zama na wani lokaci, kuma sabunta ta ake yi. Lambar NIN ana ba ɗan ƙasa, ana kuma ba baƙon da ke zaune bisa ƙa'ida, don haka riƙe ta bai mai da kowa ɗan ƙasa ba. Ita kuwa takardar indijin ta ƙaramar hukuma ta 'yan asalin wuri ce, kuma baƙon da ya same ta ta bayan fage ya ɗaura wa kansa dutse ne, domin ranar da aka zo bincike ita za ta fara tona shi.

Kundin tsarin mulki na 1999, a babi na uku, ya buɗe ƙofa uku na zama ɗan ƙasa: haihuwa, rajista da nema. Kafin dattijo ya kashe ko sisi, ya kamata ya duba ko ma ba ya bukatar ta ukun. Sashe na 25 ya ce wanda aka haifa a wajen Najeriya, amma uwarsa ko ubansa ɗan Najeriya ne, ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Mutumin da aka haifa a Sudan, ubansa Bazazzagi ne ɗan Najeriya da ya yada zango a hanyar Makka, abin da ke gabansa shi ne tabbatar da asalin mahaifinsa. Sashe na 26 na rajista ne: matar da ke auren ɗan Najeriya, da baligin da aka haifa a waje amma ɗaya daga cikin kakanninsa ɗan Najeriya ne. Wannan ƙofa ba ta da sharaɗin shekarun zama. Sai dai ba ta buɗe wa namiji baƙo mai auren 'yar Najeriya ba. An kai ƙudurin gyara hakan majalisar tarayya a watan Maris na 2022, bai samu shiga ba. Don haka Alhajin da ya shekara arba'in da matarsa 'yar unguwar Kwarbai a birnin Zariya, sai dai ya bi sashe na 27 kamar kowane baƙo.

Sharuɗɗan sashe na 27 su ne: mai nema ya zama baligi mai hankali, mai halin kirki, wanda ya nuna a fili cewa a Najeriya yake nufin ƙare zamansa. Gwamnan jihar da yake zaune, a nan gwamnan Kaduna ke nan, ya gamsu cewa al'ummar wurin sun karɓe shi kuma ya saje da rayuwarsu. Ya kasance ya amfani ƙasa ko zai iya amfanar ta. Ya yi rantsuwar biyayya da ke jadawali na bakwai. Sannan zama: shekara 15 a jere kafin ranar nema, ko kuma wata 12 a jere kafin neman, tare da jimillar shekara 15 a cikin shekaru 20 da suka gabaci waɗannan watanni. Sashen bai sa jarrabawar Turanci ba, bai kuma rage wa tsoho ko kwana ɗaya ba.

Maganar shekara 15 ita ce ke ba dattawa mamaki. Sukan ce, ai ni na ninka ta uku. Gaskiya ne, amma ma'aikatar harkokin cikin gida, wadda ke karɓar takardun, shaida take nema a rubuce, kuma babbar shaidar ita ce izinin zama. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shigowa ba biza har kwana 90. Wanda zai wuce haka sai ya yanki katin zama. Yawancin waɗanda suka shigo da fatauci ko almajirci ba su taɓa yanka ba, wasu ma tsoron korar baƙi ta 1983 ya sa suka guji duk wani ofishin gwamnati har yau. Sai a wayi gari mutum yana da shekara hamsin a ƙasa, a takarda kuwa ba shi da ko ɗaya. Matakin farko ga irin wannan shi ne ya daidaita zamansa a ofishin shige da fice na jiha da ke Kaduna, da fasfo na ƙasarsa mai rai. 'Yan Nijar, Mali da Burkina Faso su lura cewa ƙasashensu sun fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025, don haka su tambayi irin katin da ya shafe su a ranar da suka je.

Bayan izinin zama, a tara duk abin da ke ɗauke da suna da kwanan wata: rasitin haraji, takardar gida ko fili, rasitin rumfar kasuwa, takardun haihuwar 'ya'ya, katin asibiti na da, takardar aure. Ana neman shaidar biyan haraji, da shaidar hanyar samun abinci, da masu tsaya wa mutum 'yan Najeriya. Dattijon da ya bar kasuwa, 'ya'ya ke ciyar da shi, kada ya ga kamar sharaɗin amfanar ƙasa ya fi ƙarfinsa. Shagon da ya kafa, yaran da ya koya wa sana'a, makarantar allon da ya riƙe, duk abin rubutawa ne, muddin akwai mai shaida. Ra'ayin gwamna kuwa ba daga sama yake faɗowa ba. Bincike kan gangaro har unguwa, shi ya sa wasiƙar mai unguwa da ta hakimi da ta ƙaramar hukuma, Zariya ko Sabon Gari, suke da nauyi.

Ana cike neman ne ta intanet, a shafin ma'aikatar harkokin cikin gida, a nan ne kuma ake biyan kuɗi. Tsoho ba zai iya wannan shi kaɗai ba, sai ɗa ko jika, kuma a nan ake yawan yin ɓarna. Sunan da ke fasfo na ƙasa mai amfani da Faransanci Mahamadou ne, na NIN Muhammadu, na banki Mamman. Shekarar haihuwa ma haka: takardar can ta ce wajejen shekara kaza, ta nan an ƙirƙiro rana da wata a shagon kwamfuta. Jami'in da ke tantancewa mutum uku yake gani. A gyara wannan tun farko da takardar rantsuwa ta kotu, a tsaya a kan rubutun fasfo a ko'ina. Daga nan hukumar tsaro ta DSS da ta shige da fice su yi bincikensu, a gana da mai nema, kwamitin ba da shawara kan zama ɗan ƙasa ya duba, sannan a kai ga amincewar shugaban ƙasa. Rukuni-rukuni ake bayarwa, kuma jiran kan kai shekaru, don haka kada a bari izinin zama ya mutu ana tsakiyar jira.

Abin da ya fi hatsari shi ne katin zaɓe. Baƙo ba shi da ikon yin rajistar zaɓe, kuma da yawa sun yi cikin rashin sani. Wanda ke da shi ya ga lauya kafin ya miƙa takarda, kada ya ɓoye, kada kuma ya haɗa shi cikin shaidun zama.

Tambayar da dattawa suka fi yi ita ce ko sai sun saki ƙasarsu ta haihuwa. Sashe na 28 bai ce haka ba: ƙasar da ake tilasta wa mutum ya saki ita ce wadda shi ma nema ya yi ya samu. Sai dai a duba dokar ƙasar haihuwar, don kowace da nata tsarin. 'Ya'yan da ya haifa da 'yar Najeriya kuwa 'yan ƙasa ne ta haihuwa tun asali. Idan uwa da uba da kakanni duka baƙi ne, haihuwa a Zariya kaɗai ba ta ba ɗa ƙasa.

Wanda ya samu takardar zai iya yin fasfon Najeriya, ya yi zaɓe. Ba zai taɓa zama shugaban ƙasa ko gwamna ba, kuma sashe na 307 ya hana shi riƙe muƙamin zaɓe ko na naɗi har sai ya shekara 10. Sashe na 30 kuma ya ba shugaban ƙasa ikon ƙwace takardar idan aka yanke wa mai ita ɗaurin shekara uku ko fiye a cikin shekaru bakwai na farko.