Waƙoƙin bishara kan gidan sama

Waƙoƙin bishara kan gidan sama wani rukuni ne na waƙoƙin sujada na Kirista waɗanda ke magana a kan rayuwa bayan mutuwa: hutawa, saduwa da Yesu, da sake ganin 'yan'uwan da suka riga mu gidan gaskiya. Galibin waɗanda suka shahara an rubuta su ne a Amurka tsakanin 1860 da 1940. Suna da gajerun baitoci da amshi mai sauƙin haddacewa, domin an yi su ne don taron farkawa da makarantar Lahadi, inda kowa ke rerawa ba sai ƙungiyar mawaƙa ba.

Kusan duk siffofin da ke cikinsu daga Littafi Mai Tsarki aka ɗebo su. Ru'ya ta Yohanna sura 21 da 22 ta ba su Sabuwar Urushalima, kogin ruwan rai, da alkawarin share hawaye. Yohanna 14 ta ba su gidan Uba mai wurin zama da yawa. Haye Kogin Urdun kuwa ya zama kwatancin mutuwa.

Abin da ya fi jan hankali shi ne halin da aka rubuta su a ciki. Robert Lowry, faston cocin Baptis a Brooklyn, ya rubuta "Shall We Gather at the River" a watan Yuli na 1864, ana tsakiyar yaƙin basasar Amurka, annoba kuma tana ɗibar mutane a birnin. Tambayar da waƙar ta fara da ita, ko za mu taru a bakin kogin, tambaya ce ta masu makoki. Lowry ya fi ɗaukar kansa mai wa'azi, amma da waƙar duniya ta san shi.

Labarin "In the Sweet By and By", wadda ta fito a 1868, daga bakin Sanford Fillmore Bennett aka ji shi. Bennett na da kantin magani a Elkhorn, jihar Wisconsin. Wata rana abokinsa mawaƙi Joseph P. Webster, wanda baƙin ciki ke yawan damu, ya shigo ya tsaya bakin murhu, fuska a murtuke. Da aka tambaye shi lafiya, sai ya ce ba komai, wata rana sai labari, wato "by and by" da Turanci. Bennett ya kama wannan maganar ya zauna ya rubuta baitoci, Webster ya ɗauko gogensa ya sa musu murya, kafin rabin awa suna rera ta tare da wasu mutum biyu da suka shigo kantin.

James M. Black, malamin makarantar Lahadi a Williamsport ta jihar Pennsylvania, ya rubuta "When the Roll Is Called Up Yonder" a 1893. An ce yana kiran sunayen ɗalibai ne wata yarinya ba ta amsa ba. Ashe tana kwance da ciwon huhu, wanda ya zama ajalinta. Daga nan ya yi tunanin ranar da za a kira suna a sama.

Mata na da babban kaso a wannan fage. Eliza Hewitt, malamar makaranta a Philadelphia da ciwon kashin baya ya kwantar da ita tsawon lokaci, ita ta rubuta "When We All Get to Heaven" a 1898, Emily D. Wilson ta sa murya. Fanny Crosby (1820–1915), wadda ta makance tun tana jaririya, ta rubuta waƙoƙi fiye da 8,000, kuma a waƙoƙinta na sama burin da take yawan komawa gare shi shi ne ganin Mai Ceto ido da ido. Wanda ya san halinta ba zai ji wannan kalma kamar yadda ake jin ta a bakin kowa ba.

A ƙarni na 20, Albert E. Brumley, ɗan manomi a Oklahoma, ya samu tunanin "I'll Fly Away" yana tsinkar auduga a 1929. An buga ta a 1932. Baƙaƙen fatar Amurka kuma suna da nasu tun ƙarni na 19, irin su "Swing Low, Sweet Chariot" mai tuna karusar da ta ɗauke annabi Iliya.

Waƙoƙin sun bazu ne ta tarurrukan wa'azin Dwight L. Moody da mawaƙinsa Ira D. Sankey, wanda kundinsa "Sacred Songs and Solos" ya fara fita a 1873. 'Yan mishan sun zo da irinsu Afirka ta Yamma, aka juya da dama zuwa Hausa a Littafin Waƙoƙi da ikilisiyoyi irin su ECWA ke amfani da shi. A arewacin Nijeriya ana jin su wurin jana'iza, har da daga bakin Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan coci.