Ɗora tankin kifin ado a kan daɓen laminet

Tankin kifin ado akwatin gilashi ne da ake kiwon kifi a cikinsa a ɗaki, kuma yana cikin kaya mafi nauyi da ake ajiyewa a gida. Laminet kuwa daɓe ne na falle-fallen katako da masana'anta ke haɗawa, ana shimfiɗa shi a kan kankare ko a kan daɓen katako. Masu kiwon kifi kan ji tsoron kada nauyin tanki ya fasa laminet, amma ba kasafai hakan ke faruwa ba. Inda ɓarna ta fi fitowa shi ne ginin da ke ƙarƙashin daɓen, da yadda ƙafafun teburin tanki suke taka shi, da ruwan da ke zuba.

Yadda aka ƙera laminet

Kamfanin Perstorp na ƙasar Suwidin ne ya ƙirƙiro daɓen laminet a 1977, ya sayar da shi da sunan Pergo. Kowane falle hawa huɗu ne. Na sama leda ce mai tauri ta melamin, wani nau'in roba, wadda ke jure gogayya, sai takarda mai hoton katako ko dutse, sai jigon fallen, wato garin katako da aka matse da ƙarfi wanda ake kira HDF, sai na ƙasa mai hana lanƙwashewa. Kaurinsa yakan kama daga milimita 6 zuwa 12.

Ba a buga masa ƙusa, kuma yawanci ba a manna shi da gam. Fallayen suna sarƙe juna ta gefe, suna kwance a kan siririn soso, don haka daɓen gaba ɗaya yana motsi kamar abu guda: ya buɗe idan iska ta yi laima, ya tsuke idan ta bushe. Shi ya sa ake barin tazarar milimita 8 zuwa 10 tsakaninsa da bango. Lambobin AC1 zuwa AC5 da ake gani a jikin kwali ƙarfin jure gogayya suke nunawa, ba su faɗin komai game da nauyin da daɓen zai iya ɗauka.

Nauyin tanki da ƙarfin gini

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ta ruwan gishiri kuma ta ɗan ɗara haka, kimanin kilo 1.025. Tanki mai tsawon santimita 100, faɗi 40, tsayi 50 yana cin lita 200. Idan aka haɗa da gilashinsa, da tsakuwa, da duwatsun ado, da teburinsa, zai kai wajen kilo 280, duk a kan filin da bai kai rabin murabba'in mita ba. Mai tsawon santimita 150, faɗi 60, tsayi 60 kuwa yana kai wa kusan kilo 700.

Dokokin gini na Birtaniya suna tsara daɓen ɗakin zama a kan kimanin kilo 150 a kowane murabba'in mita, na Amurka kuma kimanin 195. Wannan lissafi na nauyin da aka baza ne a faɗin ɗaki gaba ɗaya, saboda haka wuce shi a kusurwa ɗaya ba ya nufin daɓe zai rufta. Sai dai mutum yana tsayawa ya wuce, tanki kuwa shekaru yake yi a wuri guda, kuma katako yana lotsawa sannu a hankali idan nauyi ya daɗe a kansa.

Idan kankare ne zube a kan ƙasa, babu abin damuwa ta wannan fuska. Idan bene ne na katako, ana neman inda sandunan da ke riƙe da daɓen suka dosa, waɗanda galibi santimita 40 ko 60 ne tsakaninsu. Tsawon tanki ya gitta su, domin biyu ko uku su raba nauyin, kuma a matsa shi kusa da bango mai ɗauke da gini, inda sandunan suka fi ƙarfi. Tsakiyar ɗaki shi ne wuri mafi rauni. Babban tanki a bene, musamman a tsohon gini, ya cancanci injiniya ya duba kafin a zuba ko da bokiti ɗaya.

Ƙafafun teburi

Tankin kilo 280 a kan teburi mai ƙafa huɗu yana sauke kilo 70 a kowace ƙafa. Idan ƙafar ta faɗo a kan mahaɗar falle biyu, soson ƙasa zai matse, ɗan harshen da ya sarƙe fallayen, wanda shi ne mafi siranta a jikinsu, yana iya karyewa. Teburi mai shimfiɗaɗɗen gindi ya fi dacewa. Idan mai ƙafafu ne, ana sa katakon filawud mai kaurin milimita 18 a ƙarƙashinsa, a shafe shi da fenti ko banish har gefuna don kada ya sha ruwa.

Dole tanki ya zauna daidai ta kowace fuska. Karkata kaɗan ba ta kai murɗewa haɗari ba, wato kusurwa ɗaya ta fi sauran sauka, domin hakan yana jan silikon, wato gam ɗin da ya haɗa gilasan, har ya fara yoyo, ko gilashin ƙasa ya tsage. Ana aunawa da ma'aunin magina mai ɗigon ruwa, a cusa 'yan ɓallin roba mai tauri a ƙarƙashin teburi, ba a ƙarƙashin gilashi ba. Ana cika tankin kashi-kashi ana sake aunawa, saboda soso yana ci gaba da matsewa yayin da nauyi ke ƙaruwa. Bakin ruwan da kansa shaida ne: idan ya fi kusa da leɓen tanki a gefe ɗaya, zaman bai yi ba.

Akwai kuma batun danne daɓen. Nauyi mai yawa yana kafe laminet a wuri guda, sai motsinsa ya koma ɗaya ɓangaren. Tanki ɗaya a jikin bango ba ya cika kawo matsala muddin tazarar sauran bangon tana nan. Idan aka kafe laminet ta ɓangarori biyu masu fuskantar juna, fallayen tsakiya kan tashi su yi tozo, ko mahaɗa ta buɗe. Ga manyan tankuna, mafi aminci shi ne a yanke laminet daidai gindin teburi, a zaunar da shi a kan asalin daɓe, a bar tazara kewaye.

Ruwa

Ruwa ne ya fi lalata laminet a gidajen masu kifi. Saman fallen ba ya shan ruwa, amma mahaɗa tana sha, kuma HDF da ya kumbura ba ya komawa yadda yake ko ya bushe. Gefunan sukan tashi, ledar sama ta ɓare. Zubar da aka gani aka goge nan take ba ta cika yin illa ba. Ɗigon da ke bin tiyon matatar ruwa yana sauka bayan teburi, inda ido ba ya kai wa, shi ne mai ɓarna. Ana sa faranti mai leɓe a cikin kabad ɗin teburin tanki, ƙarƙashin matata, ana shimfiɗa tawul lokacin canjin ruwa. Shimfiɗar roba tana taimakawa, amma ruwan da ya kutsa ƙarƙashinta ba ya samun hanyar bushewa, don haka ana ɗaga gefunanta lokaci-lokaci a duba.

Ba a jan tanki da ruwa a ciki. Idan za a sauya masa wuri, ana kwashe kifi da ruwa da tsakuwa tukuna, sannan a ɗaga tankin daban, teburin daban.