Nisan tafiyar jirgin sama tsakanin Singafo da New York

Tsakanin filin jirgin sama na Changi da ke Singafo da filin John F. Kennedy na birnin New York a Amurka akwai tazarar kimanin kilomita 15,350. Wannan hanya tana cikin mafi tsawo da jirgin fasinja ke bi a duniya ba tare da yada zango ba, kuma kamfanin Singapore Airlines ne ke zirga-zirga a kanta. Tafiyar kan ci sa'o'i 18 zuwa 19.

Adadin da aka ambata shi ne na hanya mafi gajarta a kan doron duniya. Da yake duniya a mulmule take, wannan hanya ba ta bin layin da ido ke gani a taswirar da aka shimfiɗa a takarda. Arewa take nufa, ta ratsa kusa da ƙuryar arewacin duniya, sannan ta gangaro Amurka. Zagayen duniya kusan kilomita 40,000 ne, don haka babu wurare biyu da nisansu ya wuce kilomita 20,000. Biranen nan biyu sun cinye fiye da kashi uku cikin huɗu na wannan iyaka.

Amma ba kasafai matuƙa ke bin gajeriyar hanyar ba. A can sama akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, kuma jirgin da ya samu ta tura shi ta baya yakan rage lokaci da mai ko da ya ƙara nisa. Shi ya sa jirgin da ya tashi daga Singafo kan bi ta Tekun Fasifik, shi kuwa mai dawowa sau da yawa yakan ƙetare Tekun Atlantika, ya bi ta Turai da Asiya. Wato dai zuwa da dawowa duk gabas ake fuskanta, sai ka ga jirgi ya zagaye duniya a sawu biyu. Nisan da ake ci a zahiri kan zarce kilomita 16,000.

An fara wannan zirga-zirga a 2004 zuwa filin Newark, maƙwabcin New York, da jirgin Airbus A340-500 mai injuna huɗu. Shan mansa ya yi yawa, aka dakatar da ita a 2013. A Oktoban 2018 aka dawo da ita da A350-900ULR mai injuna biyu, wanda tankunansa ke ɗaukar lita 165,000 na mai. Kujerunsa 161 ne kacal, kuma babu sashen masu tikiti mafi araha, domin rage nauyi na cikin abin da ke ba jirgin damar kai wa ƙarshen tafiyar. Hanyar John F. Kennedy, wadda ta ɗara ta Newark da 'yan kilomitoci, an buɗe ta a Nuwamban 2020.

Agogon Singafo yana gaba da na New York da sa'o'i 12 a lokacin zafi, 13 kuma a lokacin sanyi.