Me ake nufi da farfaɗo da kifin salmon?

Idan masana a Amurka da Kanada suka yi maganar farfaɗo da kifin salmon, abin da suke nufi shi ne a kai matsayin da kifin zai riƙa hayayyafa da kansa a koginsa na asali, shekara bayan shekara, ba tare da ɗan Adam ya sa masa hannu ba.

Sai an san rayuwar kifin kafin a gane wuyar aikin. A cikin tsakuwar rafi mai sanyi ake ƙyanƙyashe shi. Ya gangara teku ya yi shekaru yana girma, sannan ya juyo, yana bin ƙanshin ruwan da ya fito, yana haura kogi yana tsallake duwatsu har ya isa gida. Macen ta share tsakuwa da wutsiyarta ta yi gurbi, ta zuba ƙwai. Irin na tekun Pasifik daga nan sai mutuwa. Amma gawar ba ta tafiya a banza: namun daji da gaggafa su ja ta cikin kurmi, ragowar ta zama takin itatuwa, ƙwarin da suka ci ta kuma su ne abincin 'ya'yan kifin da za su fito.

Madatsar ruwa ita ke datse wannan hanya. A kogin Klamath, tsakanin jihohin Oregon da Kalifoniya na Amurka, kifi fiye da 30,000 ya mutu a watan Satumban 2002 saboda ƙarancin ruwa da cuta. Ƙabilun Yurok da Karuk, waɗanda salmon ne cimarsu tun kaka da kakanni, suka tsaya kai da fata har aka rushe madatsu huɗu a 2023 da 2024. Hanya ta buɗe ta kusan kilomita 640, kuma a Oktoban 2024 aka ga salmon a ɓangaren Oregon na kogin, karon farko cikin fiye da shekara 100.

Akwai gidajen ƙyanƙyasa da ke sakin miliyoyin ƙananan kifi duk shekara. Suna da amfaninsu ga masunta, amma a ganina wannan jinya ce, ba warkewa ba, tunda ranar da aka rufe gidan, kifin zai sake raguwa.

Gaɓar teku ma tana da rabo. Bayan an cire madatsun kogin Elwha a jihar Washington tsakanin 2011 da 2014, yashin da ya daɗe a tsare ya gangaro ya sake gina bakin kogin. Akwai kuma wani ayarin dabbar teku mai suna oka a ruwan Washington da lardin Biritish Kolombiya na Kanada, wanda mafi yawan abincinsa salmon ne irin Chinook. Tun 2005 Amurka ta sa su cikin halittun da ke gab da ƙarewa, kuma yanzu ba su kai 80 ba.