Majiyyacin da ya ce a bar shi ya huta

A ɗakin mata masu ciwon daji na taɓa jin wata magana da har yau ba ta fita daga kunnena ba. Dattijuwa ce, sankarar mama ta ci ta har ta kai ga ƙashin baya. Da tsakar dare na je juya ta, sai ta damƙe hannuna ta ce, "Sista, don girman Allah, ba ku da allurar da za ki yi mini in huta gaba ɗaya?" Na ce, "Inna, ina ne ke miki ciwo?" Ta nuna bayanta. Kwana huɗu ke nan ba ta runtsa ba.

Ita ce ta faɗo mini a rai ranar 20 ga Yunin 2025, da majalisar wakilan Birtaniya ta amince da ƙudurin 'yar majalisa Kim Leadbeater da ƙuri'a 314, masu adawa 291. Ƙudurin ya nemi a ba baligi a Ingila da Wales, wanda likitoci suka ƙiyasta bai wuce wata shida a duniya ba, damar karɓar maganin da zai sha ya mutu. Daga nan aka miƙa shi majalisar dattawan ƙasar.

Maganar ba sabuwa ba ce a can. Jihar Oregon ta Amurka ta fara aiki da irin wannan doka a 1997. Holan da Beljiyam sun halasta a 2002, Kanada a 2016, Sifaniya a 2021. Amma akwai bambancin da mutane ke cakuɗawa. A Oregon likita magani kawai yake rubutawa, majiyyaci ya sha da hannunsa. A Holan da Beljiyam da Kanada likita na iya yin allurar da kansa, wannan shi ake kira kisan jin ƙai. Sai abu na uku da ba ya cikin waɗannan sam: majiyyaci ya ce ya gaji da wata jinya mai wahala da ba za ta warkar da shi ba, ko a cire injin numfashi ga wanda likitoci suka tabbatar ƙwaƙwalwarsa ta riga ta mutu. A nan cutar ce ke ɗaukar ran, kuma manyan majalisun fiƙihu sun yi fatawar halaccin cire injin a irin wannan hali tun 1986 da 1987.

Masu goyon bayan dokar ba mugaye ba ne, gaskiya sai an faɗe ta. Da yawansu sun zauna gaban gadon uwa ko miji suna kallon azabar da ba su iya komai a kanta. Suna cewa mai hankali shi ke da ikon rayuwarsa, kuma mai kuɗi na hawa jirgi zuwa Suwizalan, inda ƙungiyar Dignitas ke wannan aiki tun 1998, talaka kuwa ya zauna da wahalarsa.

Masu adawa kuma, cikinsu har da ƙungiyoyin naƙasassu da likitoci masu kula da majiyyatan ƙarshen rayuwa, Kanada suke nunawa. Da farko dokar ta tsaya ga wanda mutuwarsa ta kusanto. A 2021 aka cire wannan sharaɗi. A 2023 mutum sama da 15,000 suka mutu ta wannan hanya, wato kusan ɗaya cikin kowane mamaci ashirin a ƙasar. Beljiyam ma a 2014 ta buɗe ƙofar har ga yara, bisa wasu sharuɗɗa.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne rahoton da hukumar lafiya ta Oregon ke fitarwa duk shekara. Idan aka duba dalilan waɗanda suka nemi maganin, raɗaɗi ba shi ke kan gaba ba. Abin da ke gaba shi ne mutum ya kasa yi wa kansa komai, ya rasa abubuwan da ke faranta masa rai, ya ji mutuncinsa ya zube. Da yawa kuma sun ambaci tsoron zama kaya a wuyan iyali. Wannan na ƙarshen na san shi ciki da bai. Na ga magidancin da ya ƙi cin abinci bayan ya ji an sayar da gona don kuɗin asibitinsa. Idan doka ta ajiye wa irin wannan bawan Allah ƙofar fita, wa zai rantse cewa da son ransa ya bi ta? Shi ya sa ni ban goyi bayan dokar ba. Addinina ma ya hana. Allah Ya ce kada ku kashe kanku, Annabi (SAW) kuma ya hana mutum fatan mutuwa saboda cutar da ta same shi. Dokar Najeriya ma laifi ta ɗauki taimaka wa wani ya kashe kansa.

Sai dai cewa haramun ne ba ya sauke mana nauyi. Mu a nan mun hana kisan, amma mun bar mutane cikin azabar da ke sa su roƙe shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 56.8 ke buƙatar kulawar sauƙaƙa raɗaɗi duk shekara, kashi 14 cikin ɗari kacal ke samu, kuma mafi yawan waɗanda ba sa samu suna ƙasashe irin namu. Sau nawa aka ce wa iyali, "Ku kai shi gida, sai addu'a," aka sallame su da farasitamol?

Addu'a wajibi ce, amma akwai sauran aiki. Wata likita 'yar Birtaniya, Cicely Saunders, ta buɗe gidan jinyar masu ciwon ajali na St Christopher a Landan a 1967 a kan wannan fahimta: ko cuta ta ƙi warkewa, raɗaɗinta na jin magani. Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Najeriya, ta kai wannan aiki Yuganda a 1993, da morfin, wato maganin raɗaɗi mai ƙarfi, na ruwa mai araha da ake sha a gida. A 2004 Yuganda ta ba ma'aikatan jinya da aka horar izinin rubuta shi, saboda likitoci ba sa kai wa ƙauye. A Najeriya asibitin koyarwa na Ibadan ya yi gaba a wannan fanni, wasu manyan asibitoci kuma sun bi sahu.

Na san abin da ke tsorata mutanenmu. Mun ga abin da kodin da tiramadol suka yi wa matasa, har gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018. Don haka da an ambaci morfin sai 'ya'ya su ce kada a mai da mahaifinsu ɗan ƙwaya, ko su ɗauka allurar sallama ce. Morfin da likita ya auna daidai da raɗaɗin mai ciwon daji ba ya gaggauta ajali. Ana farawa da kaɗan, a ƙara a hankali. Na ruwan ana shan sa duk awa huɗu, a kan lokaci, ba a jira sai ciwon ya taso. Yana ɗaure ciki, saboda haka a nemi maganin sakin ciki tare da shi. A kulle kwalbar inda yara da samari ba za su kai ba.

Idan kuna jinyar wani a gida, ku gaya wa likita ƙarara inda ke ciwo, da lokacin da yake tsananta, da ko yana hana barci. Ku tambaya ko asibitin na da sashen sauƙaƙa raɗaɗi, in babu a tura ku inda yake. Ku riƙa juya wanda ba ya iya motsi duk awa biyu don gudun gyambon kwanciya. Lissafin kuɗin magani a yi shi a waje, ba a kansa ba. In kuwa ya ce ya gaji da rayuwa, kada a rufe masa baki da "A'uzubillahi, daina faɗa." A zauna a tambaye shi me ya fi damunsa, sannan a sanar da ma'aikacin lafiya a ranar, domin baƙin ciki mai tsanani shi ma cuta ce da ake yi wa magani.

Ita Innar nan, washegari likita ya rubuta mata morfin. A daren ta yi barci har asuba. Ta ƙara mako biyar a duniya, ta yi wasiyya, ta nemi gafarar wata 'yar'uwarta da suka daɗe ba sa ga-maciji, ta ci tuwon da take marmari. Ba ta sake tambayata allurar nan ba. Allah Ya jiƙanta.