Guinness

Guinness kamfanin giya ne da aka kafa a birnin Dublin na ƙasar Ayalan, ya shahara da baƙar giya mai ɗaci da ake yi da gasasshen sha'ir. Arthur Guinness ne ya kafa shi a ranar 31 ga Disamba, 1759, lokacin da ya karɓi hayar wata tsohuwar masana'anta a St James's Gate na tsawon shekara 9,000, a kan fam 45 duk shekara. A 1769 ya fara aika giya Ingila, ganga shida da rabi kacal.

Abin da ya fitar da kamfanin duniya shi ne wata giya da aka soma yi a 1801 domin kasuwar tsibiran Karibiyan. A wancan zamani jiragen ruwa kan yi makonni a kan teku, zafi kuwa yana lalata giya kafin ta isa. Sai aka ƙara mata ƙarfi, aka kuma yawaita furen wani tsiro mai ɗaci da ke hana ta lalacewa. Ita ce daga baya aka kira Foreign Extra Stout. Ta isa Saliyo a 1827, kuma har yau irinta aka fi sha a Afirka. A 1886 aka sayar wa jama'a hannun jarin kamfanin a Landan, lokacin babu masana'antar giya da ta kai ta Dublin girma a duniya. Masana'antar kamfanin ta biyu an buɗe ta a Park Royal, Landan, a 1936.

Masana'anta ta farko da kamfanin ya gina a wajen Ayalan da Birtaniya ita ce ta Ikeja a Legas, a 1962. Maleshiya ta biyo baya, sai Kamaru da Gana. A ƙarshen shekarun 1980 gwamnatin Babangida ta hana shigo da tsiron sha'ir, dole masu giya suka koma ga dawa da masara. Wannan mataki yana da muhimmanci ƙwarai, domin ya sauya ɗanɗanon Guinness ta Najeriya, ya kuma buɗe babbar kasuwa ga dawa, wadda akasarinta a Arewa ake nomawa, duk da cewa jihohin Arewa da dama sun haramta sayar da giya tun daga 2000. A 1990 aka fito da Malta Guinness a Najeriya, abin sha marar barasa.

Sunan ya wuce harkar giya: a 1955 kamfanin ya fara buga kundin bajinta na duniya da ke ɗauke da sunansa.

A 1997 Guinness ta haɗe da kamfanin Grand Metropolitan, aka samar da kamfanin Diageo. A 2022 Diageo ta amince ta sayar da reshen Kamaru ga kamfanin Castel, a 2024 kuma ta sayar wa kamfanin Tolaram kasonta na kashi 58 cikin ɗari na Guinness Nigeria, amma ta ci gaba da mallakar sunan.